Kiran Salla Goma a Kwarin Gawo

Idan ka shigo Batsari ta hanyar Ruma, kafin ka kai kasuwa akwai wani kango da ba a gama ginawa ba, mai shi ya ji tausayinmu ya bar mu muka raɓe a ciki. A ƙofar kangon za ka ga wani tsoho siriri zaune bisa buhu, yana wasa wuƙa a dutse alhali ba shi da abin yankawa. Yayana ne, Sada. Ni ce Murja, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tun muna yara an san rabon da Allah ya yi mana, shi ya ba shi murya, ni ya ba ni baki. Tunda yanzu ba ya son magana, ni zan faɗi labarinsa, wanda ya tsargu kuwa da shi nake.

Garinmu Kwarin Gawo ne, a ƙasar Ruma. Ƙaramin gari ne, daji na yamma da shi, gabas kuma duwatsu ne da 'yar hanyar ƙafa mai fitar da mutum titin Batsari. Babanmu mahauci ne, Sada ya gaji wuƙarsa. Akuya yake yankawa ko tunkiya, ya sayar da ɗanye da safe, abin da ya rage ya yi balangu da yamma, ranar kasuwar Batsari kuma ya hau akori-kura ya tafi can. Bai taɓa yin arziki ba, kuma ban ga ta inda zai yi ba. Mutum ne da in mai jego ta aiko a ba ta ƙashin miya sai ya haɗa mata da tsoka, ni kuwa in yi ta faɗa har bakina ya bushe, yana dariya.

Ladanci tun yana saurayi ya same shi. Limamin wancan lokaci ya ji shi yana ƙwala wa babanmu kira daga fadama, ya ce wannan murya bai kamata ta ƙare a tallar nama ba. Daga ranar, sau biyar a yini Sada zai wanke hannunsa, ya hau matakalar laka da ke jikin masallaci, ya sa yatsu a kunne. Manomin da ke gonar nesa ya ji, ya aje hauya. Ba agogo gare shi ba, inuwar katangar masallaci yake dubawa. Ba wanda ke biyansa, sai dai in kaka ta yi wani ya aiko masa da dami.

Matarsa Hansai ta haifa masa 'ya'ya da dama, ƙasa ta karɓe su tun suna ƙanana, ɗaya ce ta tsaya, Turai. Hansai ma ba ta daɗe ba ta bi su. A shekarar ne mijina ya rasu a Runka, na tattaro komatsaina na dawo gida, muka haɗu muka reni yarinyar. Sada bai ƙara aure ba. Duk abin da yake da shi a duniya Turai ce, kuma duk garin an sani.

Akwai wata al'ada da muka taras tun kakanni. In aka ji kiran salla a lokacin da ba na salla ba, to masifa ce ta sauka, gobara ko makamancinta, kowa ya bar abin da yake yi. Da ɓarayin daji suka fara addabarmu, daga satar shanu suka koma satar mutane, sai mai gari ya tara jama'a ya sabunta ta. Ya ce da zarar an ji ladan ya yi kira ba kan lokaci ba, mata su kwashi yara su bi hanyar gabas su shige duwatsu, maza su taru a bakin gari da abin da ke hannunsu. Kuma ta taɓa fisshe mu. Wata rana da hantsi wani mai kiwo ya sheƙo a guje, Sada ya haye matakala ya yi kira, kafin ɓarayin su iso gari ya zama kango. Shanu kawai suka kora. Turai tana budurwa a lokacin, muna laɓe a bayan dutse tana riƙe da zanena, ta raɗa mini, "Gwaggo, muryar Baba ta fi bindiga."

To daga nan fa sai abin da ya raba mu ya shigo. Malam Tayyib ɗan garinmu ne, ya tafi karatu birni ya dawo. Ba zan yi masa ƙarya ba, mutum ne mai kamun kai, shi ya fara koya wa matan aure karatu. Amma ya zo da maganganu: a ɗora hannu a ƙirji in ana salla, a bar zaman wuridi na yamma, a riƙa yin salla a farkon lokaci. Liman Armaya'u, limamin gari, ya ce yadda ya taras da iyayensa haka zai mutu. Da farko musu ne na bakin masallaci, a yi a tashi a ci tuwo tare. Da a nan abin ya tsaya, da yau muna gidajenmu.

Shekarar zaɓe ce ta ƙarasa mu. Wani ɗan takarar kansila, Ɗan'azumi, ya leƙo ya ga bango ya tsage, ya shigo. Ya gina wa su Malam Tayyib masallaci a yammacin gari, rufin kwano, da sola da batir da lasifika. Abokin hamayyarsa ya ji labari, ya aiko wa tsohon masallaci da ke gabas lasifikar da ta fi waccan girma. Ni dai ko alwala ban taɓa ganin ɗayansu ya yi a garinmu ba. Kafin ka ce kwabo kowane masallaci ya zama da jam'iyyarsa. In ka ga inda mutum ya aje hannunsa a salla, ka san inda zai dangwala ƙuri'a. 'Yan yamma suna kiran salla da wuri, 'yan gabas suna jinkirtawa, kuma don kada ma a haɗu, waɗannan suka ƙara matsawa gaba, waɗancan suka ƙara ja baya. Kiran salla ya zama goma a yini. Wannan lasifika na yin shiru waccan za ta ɗauka, har jarirai suka saba ba sa farkawa.

Sada ya zauna a gabas, don nan matakalarsa take. Bai taɓa zagin kowa ba. Amma sai matasan yamma suka fara cewa ba a cin yankansa. Mutumin da wuƙarsa ta yanka ragon sunan kowannensu! Ciniki ya karye rabi, ga tsadar abinci, ga gonakin nesa ba sa nomuwa saboda ɓarayi. Akuya ɗaya sai ta kwana ba ta ƙare ba.

Wata rana yana feɗe akuya a tsakar gida, rediyo na kusa da shi, aka ba da labarin ƙasar Indiya. Wai an rufe shagunan mahauta a wani gari saboda bikin wasu mutane da addininsu ya hana su kashe ko da tururuwa, Musulmi na ƙorafi, mabiya Hindu sun rabu, 'yan siyasa kowa na rura wutar ta inda za ta amfane shi. Ya tsaya da wuƙa a hannu yana saurare.

"Murja, kin ji? Ashe mahauta ko'ina su aka fara takawa."

"Su ai addini uku ne," na ce masa. "Ku fa?"

"Mu alƙibla ɗaya, Annabi ɗaya," ya ce. Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba, ya ci gaba da fiɗa.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne sunan jikarsa. Turai ta auri Mannir, ɗan yayan Malam Tayyib, tun kafin wutar ta kama sosai. Son juna suke, kuma yaron mai ladabi ne. Gidansu na jikin sabon masallaci, shi ne kusan na ƙarshe kafin gonaki. Da ta haihu aka ce za a mayar da sunan Hansai, Sada ya kwana biyu yana wasa wuƙa. Da safe ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi. Uban Mannir ya tare shi a ƙofar gida, suka gaisa gaisuwa mai tsawo, an tambayi gida, an tambayi mai jego, an tambayi sanyi, sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam Sada, ka yi haƙuri. Yara sun ce wani za shi yanka." Yayana ya ce ba komai, Allah ya raya. Ya dawo gida ya rataye rigar, bai ci abinci ba ranar. Ni na so in je in yi musu tas, ya riƙe ni ya ce gidan ɗiyarsa ne.

Turai ita ce a tsakiya, kuma abin na cinta. Duk zuwan da za ta yi gida sai ta ce, "Gwaggo, yaushe za a shirya? Ni burina in ga ranar da Baba da Mannir za su tsaya sahu ɗaya." In ce mata ta yi ta addu'a, don ni ban ga alama ba.

Shi kuwa Sada ba nama ne ke hana shi barci ba. Wani abu ya hango wanda duk masu rawani da masu gemu ba su damu da shi ba, ya kuma bi su ɗaya ɗaya yana roƙo. Ya fara da Liman Armaya'u, ya durƙusa a zaurensa.

"Allah gafarta Malam, kira ya zama goma. In ɓarayi sunka taho na yi kira, wa za ya gane ba na lokaci ba ne? A haɗa lokaci dai, kowa ya yi sallarshi a masallacinshi."

"Su sunka canza, Sada. Su dawo inda sunka bar mu."

Ya je wurin Malam Tayyib, Malam ya ce masa gaskiya ba ta bin son rai, su gabas su matso. Ya je wurin mai gari, mai gari ya ce shi ba ya shiga maganar malamai. Har Batsari ya bi Ɗan'azumi, wanda ya riga ya ci kujerarsa, ya yini a ƙofar gidansa, da yamma aka aiko masa da 'yar shinkafa a leda aka ce Honarabul ya gaji. Ya nemi a sa wata alama daban, ganga ko ƙarfe. 'Yan yamma suka ce ganga bidi'a ce, 'yan gabas suka ce ba za su bar al'adar kakanni don wasu yara ba. Ranar ya dawo ya zauna a bakin murhu ya ce da ni, "Murja, tsoro nike ji. Gidan Turai shi ne farko in sun taho."

Da kaka abin ya faru, ana yankan gero. Rana ta karkata, duka masallatan sun yi azahar, la'asar ba ta yi ba. 'Yar Turai na wurina tun safe. Sada ya fita yamma yankan ciyawar akuya, sai ya hango ɓarayin a cikin kwari gindin tsamiya, mashina birjik, kowane da mutum uku, suna gyara bindigogi. Ya yar da lauje ya juyo a guje. Tsoho ne, ga ciwon ƙirji. Masallacinsa na can ƙarshen gabas, ya san kafin ya kai sun shigo. Na yamma kuwa ga shi a gabansa, ƙofa buɗe, ba kowa ciki, gidan Turai na jikinsa. Tun da aka gina shi bai taɓa shiga ba. Ya tuɓe takalmi, ya shiga, ya ɗauki makirfo ya yi kira.

Ina sussuka na ji. Taɓarya ta faɗi daga hannuna, don na san muryar yayana in tsoro ya shige ta. A bayan katangarmu akwai dalbejiya inda dattawan gabas ke zama, ina jin su sarai.

"Kai, wannan ba muryar Sada ba ce?"

"Ita ce. Daga yamma ta fito."

"La'asar ɗinsu ce, su kullum gaba suke yi da ita. Ashe an saye shi! Dama an gan shi ƙofar gidan kansila."

Na fito ko mayafi babu, na ce musu, "Ku tashi! Wace irin la'asar ce yanzu? Ɓarayi ne!"

Wani cikinsu ya ce, "Ke Murja, koma cikin gida. Yayanki ya ci amana, kin fito ki rufe mashi asiri." Suka ci gaba da mayar da magana, wani har yana cewa gobe sai a nemi sabon ladan. Wallahi da ina da ƙarfi da na kife musu bencin nan. Na koma na saɓa yarinyar a baya, na bi gida gida ina buga ƙyaure, matan da suka yarda da ni suka biyo ni gabas.

Abin da ya faru a yamma daga bakin Mannir na ji shi daga baya. Su sun ɗauka tsokana ce, ladanin gabas ya shigo musu masallaci ya ƙwace lasifika. Matasa suka ruga da sanduna. Mannir ya riga su shiga, ya ga surukinsa ne, ya ji tsoron kada a dake shi, sai ya fizge wayar batir don a kashe maganar. Kiran ya yanke a tsakiya. Suka cika masallacin suna ihu a fitar da shi, shi kuwa numfashi ya ƙare masa, yana nuna yamma da hannu yana cewa suna nan tafe, ba mai jin sa. Ana jan rigarsa ana kai shi ƙofa aka ji harbin farko.

Ba zan faɗi abin da aka yi a garin ba, bakina ba zai iya ba. Liman Armaya'u na cikin waɗanda suka rasu, da uban Mannir. Washegari waɗanda suka koma binne gawa sahu ɗaya suka yi, ba wanda ya dubi hannun wani. An kwashe hatsi, an ƙone rumbuna, an tafi da mata. Sada ya tsira da sara a kafaɗa, wani ya ja shi cikin karan gero. Da ya farfaɗo abin da ya fara tambaya Turai. Ba ta cikin waɗanda suka kai duwatsu, ba ta cikin gawa.

Muka dawo Batsari da abin da ke jikinmu. Aka sayar da gonaki, aka sayar da duk abin da zai sayu, gabas da yamma aka haɗa kuɗin fansa aka kai wa ɓarayin. Duk wannan lokaci tambaya ɗaya ke cin yayana. Ya ce ko duk garin ba su gane ba, Turai za ta gane, ita ta fi kowa sanin al'adar, gidanta kuma na jikin lasifikar. Me ya hana ta gudu? Ko ba ta ji ba ne? Da rana ya tambaye ni, da safe ya tambayi Mannir.

Da sanyi ya shigo aka sako wasu daga cikin matan. Muka ruga tasha, Sada na gaba. Suna saukowa daga mota ɗaya ɗaya, ƙafafu a kumbure, yana duba fuskokinsu har motar ta zama wayam. Turai ba ta ciki. Akwai wata tsohuwa, Inno, maƙwabciyarta ce katanga ɗaya. Ita ta ce an raba su a daji, an yi yamma da 'yan mata da masu ƙuruciya, tun ranar ba ta sake ganinta ba.

Bayan Inno ta ɗan warware, Sada ya je gaishe ta, na raka shi. Ya yi mata sannu, ya yi mata barka da arziki, sannan ya ce, "Inno, don Allah gaya mani. Ta ji kiran?"

Tsohuwar ta dube ni. Na so in yi mata alama ta bar maganar, ban yi sauri ba.

"Ta ji, Malam Sada. Ina tsakar gida na ji ta rangaɗa guɗa. Ta leƙo ta katanga tana dariya, ta ce, Inno, kin ji? Baba ne a masallacinmu, an ba shi ya kira la'asar, an shirya ke nan! Na ce mata ke ɗiyar nan, anya lokaci ya yi? Ta ce ai mu da wuri muke yi. Ta dama fura maza-maza, ta sa mayafinta na unguwa, ta ɗauki ƙwaryar ta ce za ta tsaya bakin masallaci in kun fito da Mannir ku sha tare. A hanya sunka same ta, da ƙwaryar a hannu."

Yayana bai yi kuka ba. Ni ce na yi, har mutane suka taru. Shi ya ce wa Inno Allah ya ƙara sauƙi, ya tashi, ya nemi takalminsa ya kasa sawa, sai a hannu ya riƙo su har gida.

Yau shekara ta juyo, ba labarin Turai. Duk matar da aka ce an sako, ko a Safana ne ko a Runka, Mannir zai ari mashin ya je ya duba ya dawo. 'Yarta ta fara magana, ni take kira Inna. Mutanen Kwarin Gawo da ke cikin kangon nan yanzu wuri ɗaya suke salla, a kan buhuna, lokaci ɗaya, wani hannu a ƙirji wani a sake, ba wanda ya mutu don haka. Ɗan'azumi ya zo jaje sau ɗaya da masu ɗaukar hoto.

Kwanan baya Malam Tayyib ya zo da dattawan gabas da suka rage, har da wanda ya ce in koma cikin gida. Suka tsuguna gaban Sada a ƙofar kango, suka gaishe shi, suka nemi gafara. Ya ce ya yafe, duniya da lahira. Sannan Malam Tayyib ya ce jama'a sun haɗu a kan magana ɗaya, ba su da ladan, suna roƙonsa ya dawo ya riƙa yi musu kira.

Sada ya aje wuƙar da ke hannunsa a kan dutse.

"Malam, ku nemi wani," ya ce. "Ni na yi kirana. Duk garin mutum ɗaya ta amsa, ita ce ba ta dawo ba."